Mai Tsani da Ƙusar Ƙofar Banɗaki

Duk safiya, kafin ruwan shayi ya tafasa, Mai Tsani ya riga ya fara faɗa. Ba da mai ɗakinsa yake yi ba, ita ta daɗe da daina tanka masa. Da wayarsa yake yi. Yakan zauna a bakin gado, tabarau a kan karan hanci, yana bin wasu 'yan ɗigo-ɗigo da yatsa. Kore na nufin na'ura tana aiki, ruwan toka na nufin ta yi shiru. Kowane ɗigo wani abu ne a gidan wani: makullin ƙofa, fitilar waje, injin tura ruwa tanki, wayar maigida. Da ya ci karo da ruwan toka sai ka ji tsaki.

"An sake cire ta," zai ce. "Na rantse an cire ta an jona dutsen guga."

Sai ya ɗaure tsaninsa a bayan babur ya fita, shayin yana nan yana hucewa.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na bincika na tabbatar ba wanda ya shirya masa ko taron shan ruwan sanyi. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ban ce mutumin yana da daɗin zama ba. Sarkin mita ne, kuma in yana aiki a gidanka sai ka ji kamar kai ne ka zo masa aiki. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa a kansa tun yana da kunnen ji.

Sana'arsa ita ce sa gida ya san wanda ke cikinsa. A kowane gida yakan ajiye wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, masu sana'ar suna ce masa dillali. Na'urorin gidan ba sa magana da juna kai tsaye. Kowace sai ta aika wa dillali gajeren saƙo: ina nan, an buɗe ni, na fita. Dillali kuma ya isar ga wanda aka rubuta zai ji wannan labarin, shi kaɗai. Sunan tsarin MQTT, suna ne da shi kansa Mai Tsani sai ya ja numfashi kafin ya faɗa. Abin da ya fi so a ciki shi ne sallahu. Tun ranar da aka haɗa na'ura take barin sallahu wurin dillali cewa in ka ji ni shiru ban yi sallama ba, ka gaya musu na ɓace. Da haka gida yake gane maigida ya dawo ya kunna masa fitilar ƙofa, ya gane kowa ya fita ya kashe fanka ya kulle kansa.

Haka abin yake in babu mutane a ciki. Da mutane kuwa, Allah ya ba da haƙuri. Akwai maigidan da ya ba direbansa aron waya ya aike shi kasuwa, gida ya ɗauka shi ne ya fita, ya kashe masa fanka ya kulle shi a ciki daga shi sai singileti. Akwai uwargidan da ta ga dillali ya yi mata kyau, ta zare shi daga wuta ta goge ta jera shi a kabad tare da kofunan baƙi. Mai gyaran famfon da suke yawan haɗuwa a gidajen mutane ya ce da idonsa ya ga Mai Tsani ya tsaya gaban kabad ɗin nan yana kallon dillali a tsakiyar kofuna. Ya yi mita, ya yi tsaki, ya kuma gyara. Washegari aka sake kiransa, ya sake zuwa.

Amma duk wanda ya san aikinsa, in an ce a faɗi abu ɗaya, gidan Inna zai faɗa.

Inna tsohuwa ce mai zama ita kaɗai, tela ce a da, mijinta ya rasu, 'ya'ya duk sun yi gidajensu. Wata safiya santsi ya ɗauke ta a banɗaki. Ta kasa tashi, ta kasa kai hannu ga ƙofa, tana nan kwance har babban ɗanta, wanda ƙannensa ke kira Yaya Babba, ya biyo daga wurin aiki da yamma ya same ta. Da ta warke sai 'ya'yan suka yanke shawara za ta koma gidansa, an ma gyara mata ɗaki a bene. Inna ta ce ba inda za ta. A nan keken ɗinkinta yake bakin taga, a nan bishiyar lemonta take, a nan maƙwabta ke leƙowa su same ta. A bene kuwa wa zai leƙo? 'Yarta ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ke ce wa Nas, ita ta raba gardama. Ta kawo Mai Tsani, aka yi sharaɗi: Inna za ta zauna a gidanta muddin gidan zai riƙa ba da labarinta.

Ya ba ta wani ɗan abin wuya mai igiya, kamar maɓallin riga. A kowane ɗaki ya jona wata 'yar na'ura da yake kira kunne, wadda ke jin abin wuyan in ya matso, ta gaya wa dillali. Wayoyin 'ya'yan da ta mijin Nas duk ya haɗa su, kowa yana iya dubawa ya ga an rubuta falo, ko kicin, ko ɗakin kwana.

Rigimar farko ta soket ce. Inna ta tashi a gidan da ba a barin abu a kunne in ba a amfani da shi, don haka duk ɗakin da ta bari sai ta kashe kunnen da ke ciki. Kunne ya yi shiru, dillali ya isar da sallahu, wayoyi su ɗauki ƙara, 'ya'ya su baro aiki a guje su tarar da ita tana yanke zare.

"Inna, don Allah ki bar soket ɗin nan a kunne," in ji Mai Tsani.

"Ba kowa a ɗakin, wa yake yi wa aiki?"

"Ke yake jira."

"To in na shigo sai in kunna masa."

Ya liƙe soket ɗin da salatif, ta ɓare. Ya ja waya ya ɓoye su bayan kabad da saman labule, inda hannunta ba ya kaiwa, yana yi yana magana shi kaɗai. Aka samu lafiya na ɗan lokaci.

Sai ga kiran Yaya Babba. Mutum ne mai sanyin magana, amma ranar kai tsaye ya shiga zance.

"Malam, na duba tun daga ranar da ka sa abin nan. Inna ba ta taɓa shiga banɗaki ba. Ko sau ɗaya."

Mai Tsani ya duba, haka ne. Kullum sai a ga ta zo lungun da ke gaban banɗakin ta tsaya cak, ta daɗe, sannan ta koma falo. Ya ce kunnen ciki ne ya lalace, ya canza shi. Bai yi ba. Ya ce danshi ne, ya sake canzawa ya naɗe da roba. Bai yi ba. Ya ce bangon ne ya yi kauri, ya kafa tsani ya shiga silin da rarrafe ya sauko da sabuwar waya, ya fito kansa fari fat da yanar gizo. Duk lokacin da ya gwada da hannunsa abu lafiya lau, da ya tafi sai a koma gidan jiya. Mai ɗakinsa ta ce a makon nan ko gaisuwa aka yi masa da tsaki yake amsawa.

Yaya Babba ya gaji. Ya ce, "Ɗaki ɗaya na ce a tsare min, shi ne kuma abinka ba ya gani. Na yi magana da mai motar kaya, ƙarshen mako za mu kwashe ta. Ban ga laifinka ba, amma ba zan sake samunta a ƙasa ba."

Washegari Mai Tsani ya yi sammako ba tare da ya sanar ba. Ƙofar gida a buɗe, ya yi sallama ba a amsa ba, ya ji ƙarar ruwa daga ciki. Ya leƙa lungun, sai ga wata sabuwar ƙusa a jikin bango, daidai kafaɗar gajeren mutum, dab da ƙofar banɗaki. Abin wuyan yana rataye a kanta yana lilo. Sau nawa ya wuce ƙusar nan da tsani a kafaɗa bai kula ba, don duk zuwansa babu komai a kanta. Ya ja da baya a hankali ya fita waje ya zauna kan babur. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tuna silin, ya tuna rarrafe, ya ji kamar ya tayar da babur ya tafi kar ya sake waiwayar gidan.

Bai tafi ba. Ya jira har ta fito ta zauna gaban kekenta, ya sake sallama, suka gaisa, ya tambayi ƙafa, ta tambayi iyali. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu, don ba maganar da namiji zai yi wa sa'ar uwarsa kai tsaye ba ce.

"Inna, na ga an kafa ƙusa a lungu."

"Ni na kafa."

"Abin wuyan nan ba ya jin ruwa, na gaya miki. Ko a bokiti kika tsoma shi ba abin da zai same shi."

"Na ji ka."

"To me ya sa? Saboda ɗakin nan fa aka yi duk wannan wahalar. Na shiga silin saboda ke, Inna. Ni da furfurata."

Ta tsayar da keken. Ba ta dube shi ba, zaren take kallo.

"Ran nan jikata ta nuna min wayar ubanta. Na ga an rubuta kicin, ina kicin. Na ce to in na shiga can fa? Ta ce shi ma zai rubuta." Ta gyara zaren. "Mijin 'yata yana zaune a ofis cikin mutane, waya ta gaya masa surukarsa ta shiga, ta kuma gaya masa ta fito. Ɗan da na haifa yana lissafa min daɗewa. Kai in uwarka ce za ka so?"

"Amma in kika sake faɗuwa fa?"

"Faɗuwa sau ɗaya na yi. Wannan kuwa kullum ne."

Mitar ta ƙare masa. Shi da hannunsa ya rubuta sunan ɗakin nan, shi ya tura wa wayoyi huɗu, bai taɓa tsayawa ya tambayi Inna ba. Haushin da ya zo da shi bai ragu ba, sai dai ya juyo kansa.

"Kuma in ka gaya musu dalili ban yafe ba," ta ƙara. "Gara su kai ni benen."

Ga inda aka bar shi ke nan: gyara yana hannunsa, bayani kuma an ɗaure masa baki. Ya koma gida ya sake rubuta wa dillali wanda zai ji me. Sunayen ɗakuna suka tsaya a cikin akwatin, ba sa fita daga gidan. Wayoyi kuma abu biyu kawai za su riƙa samu: lafiya, ko a duba ta. In ta daɗe a banɗaki fiye da ƙima, ko abin wuyan ya daina motsi a inda ba gado ba kujera, ko wani kunne ya yi shiru, sai dillali ya ce a duba ta.

Ranar kwashe kaya motar ta iso da hantsi ta tsaya a ƙofa. An riga an naɗe labulen falo, Inna tana zaune kan kujera ɗaya da hannu a cinya. Mai Tsani ya shigo ya ce a ba shi dama ya yi gwaji ɗaya. Yaya Babba ya duba wayarsa ya ga kalma ɗaya tak.

"Ina ɗakunan?"

"Na cire."

"Na ce maka ba na gani sosai, sai ka rage min ganin, kuma kana ce min gyara ne? Mayar min da su."

"Ba zan mayar ba."

"Saboda me?"

"Saboda ba zan mayar ba. In kana so ka kira wani ya mayar, amma ba da hannuna ba."

Nas ta dubi uwarta, ta dubi Mai Tsani, ta sake duban uwarta da ta sunkuyar da kai. Aikin jinya ya koya mata abubuwan da tsofaffi ba sa faɗa. Ta ce, "Yaya, bar shi ya gwada. Motar ba guduwa za ta yi ba."

Mai Tsani ya karɓi abin wuyan ya rataya a nasa wuyan. Ya karɓi wayar Yaya Babba ya miƙa wa Inna, ya ce ta riƙe masa don ya bar tabaraunsa a gida, alhali yana aljihunsa kowa na gani. Ya shiga kicin ya ɗaga murya.

"Me ta ce, Inna?"

"Lafiya."

Ya shiga ɗakin kwana. Lafiya. Ya bi lungu ya shiga banɗaki ya turo ƙofa.

"Yanzu fa?"

Ta kawo wayar kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, ta juya bayanta ma ta duba.

"Lafiya," ta ce a hankali.

Yaya Babba bai gamsu ba, kuma da gaskiyarsa. Ya ce ya ga abin ya iya rufe baki, saura ya ga ko ya iya buɗewa. Daga cikin banɗaki aka ji dogon tsaki, sannan nishi, sannan ƙarar gwiwa ta taɓa tayil. Dattijo mai jikoki ya miƙe a jiƙaƙƙen daɓen banɗakin mutane, da wankakkiyar rigarsa, da abin wuyan tsohuwa a ƙirji, ya kwanta shiru ba motsi. Mai mota ya danna ham a waje, ya sake dannawa. Mijin Nas ya fara cewa ko a ce masa ya taso haka nan, sai wayoyin suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, har wadda ke hannun Inna. A duba ta.

"To ku zo ku duba ni mana," in ji murya daga ciki. "Gwiwar ta ƙi."

Da gaske ya kasa tashi. Yaya Babba ne ya shiga. Nas ta ce da ta leƙa ta ga yayanta ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗar Mai Tsani, amma bai ɗaga ba.

"Nan na same ta," ya ce. "Daidai nan. Tana ta ba ni haƙuri wai ta ɓata min riga."

Suka fito Mai Tsani yana dafe da kafaɗar Yaya Babba, ruwa na ɗiga daga bayansa. Yaya Babba ya share fuska ya ce duk ya gani, amma abu ɗaya ya rage: in ba ta shiga da shi ba, duk wannan aikin banza ne.

Inna ta miƙe. Ta zo gaban Mai Tsani ta miƙa hannu, ya sunkuya ta zare igiyar daga wuyansa, ta goge abin da gefen mayafinta ta rataya a nata. Ta ce, "Ku ba ni hanya." Ta bi lungun tana dafa bango, ta wuce ƙusar, ta shiga ta rufe ƙofa. Mijin Nas ya ga ashe akwai abin kallo a bishiyar lemo, ya fita. Yaya Babba ya ɗauki wayarsa ya tsaya da ita a hannu, bai duba ba, ya sa ta a aljihu. Can ya fita ya sallami mai mota.

A ranar ba wanda ya tuna ya ce masa an gode. Tawul aka ba shi, aka shiga mayar da labule, ya hau babur da jiƙaƙƙen baya ya tafi wani gida inda aka sake jona dutsen guga. Wannan shi ne abin da ke ci min rai. Aikin da in ya yi kyau ba a ganinsa, sai ya lalace a tuna da lambar mai shi.

To ni na tuna. Kai ne ka shiga silin saboda laifin da ba na silin ba. Kai ne aka ɗaure wa baki, ka yarda a ɗauke ka mai taurin kai da ka tona tsohuwa gaban surukinta. Kai ne ka kwanta a inda ta faɗi don kar a ɗauke ta daga inda take so ta zauna. Sarkin mita, mun ji tsakinka shekara da shekaru, mun kuma ga ba ka taɓa barin gida a lalace ba. Mun gode. Allah ya huta da gajiya, ya ba gwiwa lafiya, ya ba mai ɗakinka ladan haƙuri yanzu da za ka wuni a gida.

Ku kuma masu karɓar tsanin, na san kun fi shi saurin hannu, kun fi shi iya faɗin sunayen nan masu wuya. Ku ɗauki abu ɗaya daga wurinsa. Kafin ku rubuta wa dillali wanda zai ji me, ku cire takalmi ku zauna ku tambayi wanda za a ba da labarinsa. Shi sai da ya sha wuya ya koya, ku an ba ku a sauƙaƙe. Sauran jama'a kuma, don girman Allah, ku nemi wani soket ɗin ku yi gugarku.

Inna tana gidanta har yau. 'Ya'yanta sun san lafiyarta ƙalau, ɗakin da take ciki kuwa ba wanda ya sani sai ita.